In Kiɗa Ya Sake: Yadda Faifai Guda Ya Raba Kan Masoyan Miles Davis

Akwai wata gardama wadda da wuya a sami gidan da ba a taɓa yinta ba. Uba ya ji ɗansa ya kunna kiɗa, sai ya ce wannan ai hayaniya ce, kiɗan kirki ya wuce tun zamaninsu. Ɗan kuwa in ya ji na uban sai ya yi hamma, ya ce wannan na sa barci ne. Irin wannan gardama ba ta da wuyar ganewa, don kowa da makaɗinsa. Amma akwai wadda ta fi ta ɗaure kai, watau a ce makaɗi guda ne, mutanen kuma dukansu masoyansa ne, sun shekara ashirin ko fiye suna sayen fayafayansa, sa'an nan rana ɗaya ya fito da sabo su rabu gida biyu, waɗansu su ce ya lalace, waɗansu su ce bai taɓa yin kamarsa ba. Me ke kawo haka? Don amsa wannan tambaya za mu ɗauki misali guda wanda ya auku a Amurka cikin 1972, sa'ad da wani shahararren mabushi mai suna Miles Davis ya fitar da faifan da ya kira On the Corner.

Mutumin da ƙahonsa

An haifi Miles Davis ran 26 ga Mayu, 1926, a garin Alton na jihar Illinois, ya girma a East St. Louis. Baƙar fata ne, amma gidansu akwai rufin asiri, don ubansa likitan haƙori ne. Da ya cika shekara 13 uban ya saya masa ƙaho, irin na tagulla mai maɓallai uku wanda muke gani a hannun masu badujala na soja da 'yan sanda. Cikin 1944 ya tafi birnin Niyu Yok don karatun kiɗa a makarantar Juilliard, amma bai gama ba, gama ya ga abin da yake nema yana gidajen kiɗa na dare, inda wani gwani mai suna Charlie Parker ke busa. Cikin 1945 ya shiga ƙungiyar Parker, yana ɗan shekara 19.

Kiɗan da ya tashi a cikinsa shi ne wanda ake kira jaz. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙago shi, watau jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya kuma fara bunƙasa a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ya kamata mai karatu ya san tsarinsa, don a nan tushen rigimar yake. Makaɗa biyar ko shida za su fara da wani kari wanda mai sauraro zai iya rerawa da bakinsa. Sa'an nan su shiga yi ɗaya bayan ɗaya: mai ƙaho ya fito ya nuna gwanintarsa a kan karin, yana ƙago abin da zai busa nan take, in ya gama wani mabushin ya karɓa, daga nan sai mai piyano. A ƙarshe su koma kan karin da suka fara da shi su rufe. Mai ganga yana baya, tare da mai bes, watau wani ƙaton goge mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Aikin waɗannan biyu shi ne su riƙe wa mai busa hanya. Saboda haka kiɗan yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar labari.

A zamanin da mabusa ke tsere don a ga wanda ya fi sauri, Miles sai ya zaɓi ya yi kaɗan. Yakan busa 'yan muryoyi, ya yi shiru, ya sake busawa. Sau da yawa yakan toshe bakin ƙahon da wani murfin ƙarfe, sai muryar ta fito siririya kamar mutum na yi maka raɗa da tsakad dare. Wannan murya ce mutane suka so. Ita ce a cikin faifansa Kind of Blue, wanda aka ɗauka cikin zama biyu kawai, a watan Maris da Afrilu na 1959, tare da gwanaye irin su John Coltrane da Bill Evans. Ya zuwa 2019 an tabbatar an sayar da kwafi miliyan 5 na wannan faifai a Amurka kaɗai.

Amma shahara ba ta kare shi daga wulaƙancin launin fata ba. Ran 25 ga Agusta, 1959, kwana takwas da fitowar faifan, yana tsaye a ƙofar gidan kiɗan Birdland inda yake aiki, sai ɗan sanda ya ce ya gusa daga nan. Da ya ƙi, aka fasa masa kai, aka tafi da shi. Daga baya kotu ta sallame shi. A riƙe wannan labari, don zai taimaka wajen gane abin da ya yi daga baya.

Abin da ya dame shi

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kasuwar jaz ta fara ja da baya. Samarin fararen fata sun koma ga kiɗan rok mai jitar lantarki. Samarin baƙaƙen fata kuwa, waɗanda kisan Martin Luther King cikin 1968 ya ƙara hasala su, sun koma ga James Brown da Sly Stone, masu kiɗan rawa da ake kira fonk, wanda ganga da bes ke jagorancinsa. Su ma 'yan Legas sun ga James Brown da idonsu cikin Disamba 1970. A wajen waɗannan samari, jaz kiɗan iyayensu ne, wanda ake zama a kujera a saurara da kwat da lakatayi.

Miles bai yarda ya zama kayan tarihi ba. Matar da ya aura cikin 1968, Betty Mabry, wadda ya girma da shekaru da yawa, ta jawo hankalinsa ga kiɗan Jimi Hendrix da na Sly Stone. Sai ya shigo da kayan lantarki cikin ƙungiyarsa, ya fitar da In a Silent Way cikin 1969, da Bitches Brew cikin 1970. Na biyun ya yi kasuwa ƙwarai, har ya kai shi wasa a taron tsibirin Wight na Ingila cikin Agusta 1970, gaban dubun dubatar mutane. Tun a nan waɗansu tsofaffin masoyansa suka fara gunaguni. Amma shi abin da ya tsaya masa a rai daban ne. In ya duba taron da ke gabansa, yawancinsu 'ya'yan fararen fata ne. 'Ya'yan mutanensa, waɗanda kakanninsu suka ƙago kiɗan, ba sa zuwa. Mutumin da aka fasa wa kai don launin fatarsa ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Shi da bakinsa ya faɗa cewa don su ya yi On the Corner. A lokacin shekarunsa 46, ya kuma shekara 27 cikin sana'ar.

Faifan kansa

An ɗauki kiɗan a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Columbia a Niyu Yok cikin Yuni da Yuli na 1972, ya fito ran 11 ga Oktoba. Ma'anar sunan ita ce a bakin kwana, watau mahaɗar titi inda samarin unguwa ke tsayawa hira, kamar yadda namu ke da majalisa ko dandali. Tun daga kwali aka ga bambanci. Maimakon hoton Miles da ƙahonsa, sai ga zanen barkwanci na wani mai zane, Corky McCoy, mai nuna mutanen titi da manyan huluna da dogayen takalma a kan launin ruwan ɗorawa. Daɗin daɗawa, ba a rubuta sunan ko makaɗi ɗaya na cikin ƙungiyar ba. Miles ya yi haka da gangan, don masu sharhi su saurara da kunnensu maimakon su karanta sunaye su yanke hukunci.

Wanda ya ɗora faifan a garmaho zai ji kamar ya buɗe ƙofa ne ya tarar ana tsakiyar kiɗa. Babu gabatarwa, babu karin da za a rera. Mai bes na lantarki, Michael Henderson, saurayi ɗan shekara 21 wanda Miles ya ɗauko daga ƙungiyar Stevie Wonder, yana maimaita 'yan muryoyi kaɗan, ba ya kauce musu. Masu ganga da yawa suna bugu a lokaci guda, ga tafi, ga ƙararrawa. Ga kuma tabla da sita, ganga da molon Indiyawa, waɗanda duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san muryarsu. Ƙahon Miles kuwa, an haɗa shi da wata na'urar lantarki da ake takawa da ƙafa, wadda ke murɗa muryar har ta yi kama da ta jita. Ba ya jan doguwar busa. Sai ya soko gajeriya, ya ɓace, ya sake sokowa, kamar shi ma mai ganga ne. Kashin farko na faifan ya kusa minti 20, na ƙarshe ya wuce minti 23, duka babu muryar mawaƙi. Fiye da rabin faifan a kan bugu iri guda yake tafiya.

Abubuwa biyu suka ƙara masa baƙunta. Na farko, wani makaɗi Ba'ingile mai suna Paul Buckmaster ya sanar da Miles ayyukan Karlheinz Stockhausen, wani Bajamushe mai tsara kiɗa. Daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa ba dole kiɗa ya tashi daga wani wuri ya nufi wani ba. Yana iya tsayawa wuri ɗaya, ana ƙara masa abu ana ragewa. Na biyu, abin da ke cikin faifan ba daidai yake da abin da makaɗan suka buga a zama ɗaya ba. Mai haɗa faifan, Teo Macero, shi ya zauna da zaren rikoda yana yankawa da reza yana liƙawa, ya ɗauko nan ya haɗa da can. A taƙaice dai an kifar da tsarin jaz: waɗanda ke baya sun dawo gaba, mai gida ya koma cikin yaransa.

Yadda aka karɓe shi

Masu sauraro sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne tsofaffin masoya, waɗanda suka bi shi tun zamanin Kind of Blue, da yawancin masu sharhin jaz a jaridu. Waɗannan sun yi tir da faifan. Mujallar DownBeat, wadda ita ce babbar mujallar jaz a Amurka, ta kushe shi, ta ce maimaici ne mai gundura. Waɗansu suka ce girman kai ne, waɗansu suka ce raina hankalin jama'a ne, waɗansu kuma suka ce kwaɗayin kuɗi ne ya sa dattijo ya shiga rigar yara. Har cikin waɗanda suka yi aikin faifan an sami waɗanda daga baya suka faɗa cewa a lokacin bai burge su ba, cikinsu har da shi Buckmaster.

Kashi na biyu 'yan kaɗan ne, waɗanda suka yabe shi tun ranar farko. Cikinsu akwai Ralph Gleason, wani tsohon ɗan jarida wanda ya rubuta yabonsa a mujallar Rolling Stone. Su a ganinsu Miles ya ɗauko amon titin babban birni ne ya zuba a faifai, wanda kuwa ke neman labari mai farko da ƙarshe a ciki ya zo da kunnen da bai dace ba.

Kashi na uku su ne samarin baƙaƙen fata da aka yi abin dominsu. Su ba su zage shi ba, ba su kuma yabe shi ba, don yawancinsu ba su ma ji shi ba. Faifan bai wuce na 156 ba a jerin fayafayan da suka fi kasuwa na mujallar Billboard. Miles ya ɗora laifin a kan kamfanin Columbia, ya ce sun tallata shi a matsayin jaz, ga tsofaffin masu saye, maimakon su kai shi gidajen rediyon da samari ke saurare. Akwai gaskiya cikin wannan. Amma akwai kuma wani dalili. Samarin sun saba da waƙa ta minti uku ko huɗu, mai murya da amshi, wadda za a yi rawa da ita. Kiɗan minti 20 ba waƙa, mai sita da dabarun Bajamushe, ya yi musu nauyi. Abin da ya ƙara wa Miles ciwo shi ne, shekara guda bayan haka, cikin 1973, tsohon yaronsa Herbie Hancock, wanda ma ya buga piyano a cikin On the Corner, ya fitar da Head Hunters a kamfani guda, shi ma jaz ne gauraye da fonk amma mai sauƙin shiga kunne, aka saye shi fiye da miliyan. Miles dai ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Hujjar masu suka

Yana da sauƙi a yau a ce tsofaffin masoyan nan sabo ne ya ɗaure su, a jefe su da karin maganar nan ta sabo turken wawa. Amma adalci shi ne a ji hujjarsu, don ba ta wofi ba ce.

Hujja ta farko ta kunne ce. Baiwar da ta fifita Miles a kan sauran mabusa ita ce murya mai taushi da iya jera kari. Masu buga fonk suna da yawa, waɗansu ma sun fi shi iyawa. Mai busa irin tasa kuwa shi kaɗai ne. To, don me zai binne abin da ba wanda ya iya sai shi, ya shiga abin da kowa ke yi?

Hujja ta biyu ta mutunci ce. Shekara da shekaru fararen fata suna kallon jaz a matsayin kiɗan gidajen giya da holewa. Makaɗan zamanin Parker da Miles sun sha wuya kafin a yarda cewa kiɗansu ilmi ne mai zurfi, wanda ya cancanci a yi shiru a saurara kamar yadda ake yi wa manyan masu tsara kiɗa na Turai. Miles cikin kwat ɗinsa, ba ya murmushi don faranta wa kowa, shi ne alamar wannan mutunci a idon baƙaƙen fata da yawa na tsararsa. Da suka gan shi cikin tufafi masu ƙyalli da ƙaton tabarau yana bin kiɗan rawa, sai suka ji kamar an mai da hannun agogo baya. Kowa ya bar gida, in ji masu magana, gida ya bar shi.

Hujja ta uku ba a cika furta ta ba, amma ita ta fi ƙarfi. Mutum ba ya son kiɗa don daɗinsa kaɗai. Yana sonsa don abin da yake tuna masa: lokacin samartaka, da abokan da suka watse, da ranar da ya fara ganin wadda ya aura. Wanda ya sayi sabon faifan tsohon makaɗinsa, sau da yawa shekarun nan yake so a dawo masa da su. In makaɗin ya sake salo, sai mai sayen ya ji kamar an gaya masa cewa zamaninsa ya wuce. Shi ya sa fushin masoyi ya fi na maƙiyi zafi.

Hujjar mai ƙaho

Shi ma makaɗin yana da tasa. Abin da ke abin tunawa ga mai sauraro, shi a wajensa aikin jiya ne. Mai sauraro yana jin Kind of Blue sau ɗaya a mako don hutawa, amma a ce wa wanda ya yi shi ya riƙa busa shi kowane dare har shekara 30, wannan ɗauri ne. Bugu da ƙari, sauya salo ba sabon abu ba ne ga Miles. Ya bar salon Parker mai sauri ya koma ga mai sanyi tun 1949, da ƙungiyar mutum tara da ya haɗa tare da Gil Evans. Kind of Blue kansa sabon tsari ne a zamaninsa. Ƙungiyar da ya kafa daga 1964, da samari irin su Hancock da Wayne Shorter da Tony Williams, ita ma ta ruɗa mutane da farko. Ashe abin da masoyan ke kira Miles na ainihi, zango ɗaya ne kawai cikin tafiyarsa, wanda su suka tarar da shi a kai.

Game da zargin kwaɗayin kuɗi kuwa, faifan da kansa ya ba da amsa. Wanda ke neman kasuwa ba zai cire murya ba, ba zai ɓoye sunayen shahararrun makaɗansa ba, ba zai kuma ja kiɗa ɗaya har minti 23 ba. Game da maimaici kuma, ya dangana ga kunnen mai ji. Wanda ya tashi da kalangu da amshi ya san bugu na iya maimaituwa har gari ya waye ba a gaji ba, don daɗin yana cikin 'yan sauye-sauyen da ke yawo a kansa. Masu sharhin 1972 sun auna faifan da mudun kari, alhali kuwa da mudun bugu aka yi shi.

Hukuncin zamani

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa Miles daɗi ba. Cikin watan nan na Oktoba 1972 ya yi hatsarin mota ya karye a idon sawu biyu. Ga ciwon ƙugu da ciwon sikila da ya daɗe yana fama da su, ga kuma shaye-shaye. Cikin 1975 ya ajiye ƙaho, ya shige gida, bai sake fitowa wasa ba sai 1981. Da ya dawo ma bai koma tsohon salo ba. Cikin 1985 ya busa karin waƙoƙin Michael Jackson da Cyndi Lauper, cikin 1986 kuma ya fitar da Tutu, wanda ya sa wa sunan Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, yawancin kiɗansa da na'urori aka haɗa. Gardama ta sake tashi. Wynton Marsalis, saurayin mabushi mai ra'ayin riƙe tsohon tsari, da marubuci Stanley Crouch, suka zama jagororin masu cewa ya sayar da baiwarsa.

Amma a daidai lokacin wani abu na faruwa a titunan da ya yi faifan dominsu. Samarin baƙaƙen fata na Niyu Yok sun ƙago kiɗan rap, wanda tushensa shi ne a ɗauko guntun bugu daga faifai a yi ta maimaita shi. Cikin shekarun 1990 matasa a Amurka da Ingila suka shiga haɗa kiɗa da kwamfuta, suna yankawa suna liƙawa, suna ƙara abu suna ragewa a kan bugu guda. Watau abin da Macero ya yi da reza ya zama sana'ar kowa. Da waɗannan matasa suka ji On the Corner, ba su ji baƙon abu ba. Sai aka shiga sake buga shi, ana yabonsa, har cikin 2007 kamfanin ya tattara dukan abin da aka ɗauka a zamanin faifan ya fitar a akwati mai fayafayai shida. Masu sauraron da Miles ya nema sun zo, amma sun makara da shekara 20, waɗansunsu ma ba a haife su ba sa'ad da faifan ya fito.

Shi kuwa bai ga yawancin wannan ba. Ran 8 ga Yuli, 1991, a taron jaz na Montreux a Suwizalan, ya yi abin da ya shekara da shekaru yana ƙi: Quincy Jones ya shawo kansa ya busa tsofaffin ayyukan da suka yi da Gil Evans. Tsofaffin masoya suka sami abin da suka daɗe suna roƙo. A cikin shekarar nan kuma yana aiki da wani saurayi mai haɗa kiɗan rap, Easy Mo Bee. Ya rasu ran 28 ga Satumba, 1991, a Kalifoniya, yana da shekara 65. Faifan rap ɗin, mai suna Doo-Bop, ya fito cikin 1992, shi ma ya raba kan masoya.

Kammalawa

Kada a ɗauka cewa duk faifan da aka ƙi yau za a so shi gobe. Tsofaffin makaɗa da yawa sun bi yayi sun ɓata sunansu, zamani bai wanke su ba. Kada kuma a ce masu son Kind of Blue sun yi kuskure, don har yanzu shi ya fi kowane faifan Miles masu saye. Abin da labarin ya nuna shi ne, sa'ad da masoya suka rabu a kan sabon aikin tsohon makaɗi, kowane ɓangare da abin da ya zo nema. Waɗansu sun zo neman muryar da suka sani da shekarun da take tuna musu. Waɗansu sun zo su ga inda mutumin ya nufa. Faifai ɗaya ba zai biya wa duka biyu bukata ba.

Saboda haka yana da kyau mai sauraro ya rarrabe maganganu uku waɗanda akan cakuɗa. Wanda ya ce bai ji daɗin abu ba, wannan hakkinsa ne, ba mai musa masa. Wanda ya ce abin ba shi da kyau, sai ya kawo hujja, ya kuma tabbata ya auna shi da mudun da ya dace. Wanda kuwa ya ce makaɗin ya ci amana ko ya bi kuɗi, ya shiga zuciyar mutum ke nan, ya kamata ya yi a hankali. Masu sukar 1972 da yawa sun ji ta farko a ransu, amma ta uku suka rubuta.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ba dole ba ne kowa ya shiga sabuwar rawa. Amma kafin uba ya ce a kashe rediyon, ko ɗa ya yi wa kiɗan uban hamma, babu laifi kowannensu ya zauna ya saurari na ɗan'uwansa har ƙarshe, ko da sau biyu ne, sa'an nan ya faɗi ra'ayinsa.